Garkar da Ba Ta da Itace

Duk wanda ya san Sadiƙu ɗan Mijinyawa a kasuwar hatsi ta Dakoro ya san ba a sayar masa da buhu a ɗinke. Sai ya farke bakin, ya zura hannu har gwiwa, ya damƙo na can ƙasa, ya shinshina, ya tauna, sannan ya ɗago ya dubi mai kayan kamar ya kama shi da hannu a aljihunsa. Laifin ba nasa ba ne duka. Mutumin da ya yi furfura a hanyar Maradi zuwa Jibiya, aka sha sayar masa da rairayi da sunan gero, dole ya koyi zargi. Abin da ya ɓata shi dai, bai san inda ake ajiye wannan hali ba. Da shi yake shiga gida, da shi yake zuwa suna, ko gaisuwa ce ta yi tsawo sai ya fara tambayar kansa me ake nema a wurinsa.

Tun kaka ya bar gari, bayan an share makokin Baba Agali, aminin ubansa, bai dawo ba sai da bazara ta kai inda ƙarfe ba ya taɓuwa da rana. Ya tarar da gida lafiya. Mahaifiyarsa Zinariya ce kawai ba ta nan, kuma bai tambaya ba, don kowa ya san in ba ta gida tana garka.

Garkar tana gabas da gari, a gangaren wani tudu. Baƙo in ya shiga sai ya jima yana waige-waige kafin ya gane abin da ya rasa: babu itace ko ɗaya. Ba mangwaro, ba bedi, ba ko ɗan lemu. Shingen na aguwa ne. Ta gabas, inda iskar hadari ke bugowa, geza da sabara ne a cushe suna tarewa. Hanya daga ƙofa ba ta miƙe ba, karkacewa take ta yi baka kafin ta isa rijiya, domin marigayi Mijinyawa sawun raƙuma ya bi, ya ce dabba ta fi mutum sanin inda ƙasa ba ta zamewa. Ta yamma lalle ne layi-layi, mai kauri har ba a hango bayansa. A tsakiya kuma rumfar ƙirare ce wadda soso da duma da garahuni da yaɗiya suka haye suka rufe, har da wani inabi da aka kawo daga Maradi, wanda tun da aka dasa shi bai taɓa yin ɗan da yaro zai ci bai runtse ido ba. Can a lungu akwai anza guda, ba ta da kyau ba ta da amfani a shekarar ƙoshi, amma ba mai taɓa ta, don ita ta riƙe mutane a shekarar yunwa.

Daga wannan yunwa garkar ta fito. Wurin masaukin raƙuman Agali ne, rijiyar kuma ubansa ya gina ta. Lokacin da fari ya cinye masa garke har bai bar masa ko taguwa ba, Mijinyawa ne ya buɗe rumbu ya ciyar da gidansa har ruwa ya dawo. Agali ba shi da abin sakayya sai wannan wuri da kashin raƙuma ya yi wa taki, kuma ba ya iya kyautar da rijiyar ubansa. Sai ya ba shi aro. Sharaɗi ɗaya ya gindaya, wanda kowane mai aron ƙasa ya sani: ba a dasa itace. Itace saiwa ce, saiwa kuma mallaka ce, wanda ya dasa itace a ƙasar aro ya ce tasa ce. Don kada a yi gardamar mene ne itace mene ne ba itace ba, sai suka kafa wata sandar ƙirya a bakin ƙofa, Mijinyawa ya miƙa hannu iyakar tsawonsa, Agali ya yi tsaga a nan. Duk abin da ya wuce tsagar, a sare. Mijinyawa kuwa gajere ne, har ya mutu yana ƙorafin da an san haka da hannun Agali aka auna.

Amma ya riƙe maganar. Zogalensa duk shekara sai ya sha aski daidai tsaga. Kuma bai sa komai a garkar ba sai abin da za a karya reshensa a soka wani wuri ya kama, ko a ƙulle irinsa a bakin zane, domin ya kan ce zanen aro ba ya rufe katara. Sadiƙu tun yana lakwal, wato makarantar boko, aikinsa ke nan da safe: ya bi lungu-lungu, duk ɗan bedi ko aduwa da tsuntsu ko akuya suka shuka, ya tumɓuke tun bai yi ganye huɗu ba. Da Mijinyawa ya rasu, Zinariya ta ci gaba. Lallenta ake nema in za a yi biki, sosonta ke wanke rabin unguwa. Abu ɗaya ta kan yi gunaguni a kai, inuwar rumfa. Da damina ta yi duhu, da bazara kuwa, lokacin da ake neman ta ido rufe, sai ganyen ya bushe ya bar mutum da rana a ka.

Tun kafin Sadiƙu ya isa ƙofar garkar ransa ya ɓaci. Gari ya iso wurin. Inda ya bari gonaki, yanzu bulo ne a jere da duwatsun iyaka da aka shafa wa farar ƙasa. Ga kuma Mainassara, babban ɗan Agali, tare da wani dillalin filaye, suna bin shingen aguwa suna buɗe ƙafa suna awo. Mainassara ya gaishe shi da fara'a, ya yi masa barka da hanya, har ya ƙara da cewa, "Ku ci gaba da shan inuwa, Sadiƙu, har ruwa shi sauka."

Sadiƙu ya yi dariyar da yake yi wa abokin ciniki, ya wuce. A ransa kuwa cewa ya yi, in ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Tsohon da ya yi alkawari ya kwanta dama, 'ya'yansa uku sun ga kuɗi a inda ubansu ke ganin amana. Abin da ya rage masa ya gano shi ne ta inda za su ɓullo, domin korar tsohuwa daga garkar da ta shekara arba'in tana ban-ruwa ba abu ne da Dakoro za ta bari a yi shiru ba. Sai sun nemi hujja.

Ya sami uwar a gindin rumfa tana ɓare soso. Ya tsaya daga nesa ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana duban ƙwaryar da ke gabanta. Haka suke tun fil azal. Sadiƙu ɗan fari ne, Zinariya kuma mutuniyar da ce. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa duban tsakiyar idonsa ba. In tana da magana da shi sai ta faɗa wa guga, ko akuya, ko autarta Laila, shi kuma ya tsinta. Yawanci Laila ce ke kai saƙo ta kawo amsa, to ga shi tana Ajekoriya gidan mijinta tana jego.

Washegari da sassafe ya koma, ba don komai ba sai don ya sa ido. Bai jima ba sai ga Hamid, ƙaramin ɗan Agali, sa'ansa da suka yi wasan ƙasa tare a wannan garka. Ya shigo kamar gidansa, ya ja ruwa ya cika bido, wato jarka, ya nufi bayan lalle ya ɓace. Can ya fito da bidon wayam.

"Sannu da aiki, Hamid," in ji Sadiƙu. "Ashe yanzu kai ne mai ban-ruwan garkar tamu?" Ya danna wannan "tamu" da kyau.

"Taimako ne dai," in ji Hamid. "Gwiwoyin Inna sun hwara gardama."

"Allah shi saka. Lallen ga kuwa ya samu gata."

Hamid ya gyara rawani, idonsa na dariya. "Komi da lokacinshi, ɗan Baba. Mu dai jiri ruwa."

Ruwa kuma. Wa da ƙane bakinsu ɗaya. Wani mai hankali da sai ya kama hannun abokin ƙuruciyarsa ya ce, don Allah me kake shayarwa a can? Amma ɗan kasuwa irin Sadiƙu ba ya tambayar abin da yake so kai tsaye, kada a gane yana so. Ya jira Hamid ya fita, ya ratsa lallen yana kare ido da hannu.

Ɗan mangwaro ne. Tsawonsa bai wuce ƙugu ba, amma lafiyayye, har ya fito da sabon ganye ja mai laushi a tsakiyar wannan zafi. An kewaye shi da ƙaya. An binne tulu mai huji a gefensa don ruwa ya riƙa tsattsafa wa saiwa. An kafa masa tsinke ya jingina, an ɗaure da wani ƙyalle shuɗi. Wannan ba aikin tsuntsu ba ne. Sadiƙu ya sunkuya ya duba ƙyallen, nan take ya gane shi. Bakin tsohon zanen Inna ne.

Ya koma rumfa ya tsaya inda ya saba tsayawa.

"Inna, na ga wani abu bayan lalle."

Hannunta ya tsaya da ɓare soso. Ta ce wa ƙwarya, "Wasu idonsu ya hi ƙahwarsu yawo."

"Wa ya dasa shi?"

"A hwaɗa ma mai tambaya, akwai abin da ba a nunawa da yatsa. Shi bar shi inda ya gan shi."

"Inna, in wani ya tsorata ki ne…"

Ta ɗauki ƙwaryarta ta juya masa baya, magana ta ƙare ke nan. Amma a wurinsa wannan juya baya fassara ɗaya gare shi: tsoro.

Kwanaki ya yi yana juya abin, duk inda ya juya shi biri sai ƙara kama da mutum yake. Ga hujjar da suke nema, sun dasa ta da hannunsu. Hamid mai sanyin baki shi aka turo, don shi tsohuwa ba za ta hana shiga ba. Su raya itacen har ruwan farko, lokacin da kowa ke tayar da maganar ƙasa kafin shuka, sannan su zo da shaidu su yaye lalle su ce, ga shi, gidan Mijinyawa sun ci amana, sun dasa itace a ƙasar aro. Wa zai musa, ga ƙyallen zanenta a jiki? Ita kuwa baiwar Allah ta gani, kunya da tsoro sun rufe mata baki. Har wani irin daɗi ya ji da ya harhaɗa zancen, irin daɗin da yake ji in ya zura hannu a buhu ya taɓo tsakuwa. Ya tausaya wa uwarsa ƙwarai, wannan gaskiya ne. Amma ya kuma yaba wa kansa.

Ranar kasuwa gari ya tashi da wani irin gumi, gabas ta yi nauyi, tsofaffi na cewa yau ko gobe. Sadiƙu ya ga lokaci ya ƙure. Ya jira Hamid ya yi ban-ruwansa ya tafi kasuwar dabbobi, Inna ta koma gida tsere wa rana, ya shiga. Ya janye ƙayar da ƙafa. Ya kama ɗan itacen daga gindi kamar yadda ubansa ya koya masa, ya ja. Bai zo ba. Saiwar ta kama ƙasa ba da wasa ba, sai da ya sa hannu biyu ya tokare kafin ta tsinke da wata 'yar ƙara. Ya kwance ƙyallen ya sa aljihu, ya wurga itacen bayan shinge inda awakin unguwa ke kwance, ya tono tulun ya mayar gindin rijiya, ya baje ƙasar da tafin ƙafa. Su zo da shaidunsu yanzu.

Daɗin nasara ba ya zama a ciki ɗaya. Ya zauna a bakin rijiya ya ciro waya ya kira Laila. Bayan ya tambayi jariri da ruwan zafi, sai ya ce, "Na gama da makircin 'ya'yan Agali. Kin san itace sunka dasa muna bayan lalle? Yanzun ga na tumɓuke shi."

Laila ta ɗaga murya.

"Yaya, mi ka ce ka yi?"

"Mangwaron da Hamid ke…"

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Ya ji ta sa kuka, jaririn ma ya kama. "Yaya, Inna ta dasa shi! Da hannunta ta dasa shi, gabana!"

Cikin kuka ta zayyana masa. Da ciwon Baba Agali ya yi tsanani, ya tara 'ya'yansa, ya sa aka kira Inna da dattawa biyu. Ya san Mainassara da ƙanensa Yakubu na son saida wurin, ya san Hamid ba ya so, ba ya kuma son ya bar musu faɗa. Sai ya ce shi bai ba ta ba, bai hana ta ba, Allah ya zaɓa. Matar Mijinyawa ta dasa itace ɗaya da hannunta bayan kaka. In ya ƙetare rani ya ga ruwan farko da ransa, garka da rijiya nata ne da 'ya'yanta har abada. In ya mutu, su raba gadonsu. Dukansu suka ɗaga hannu suka yarda. Hamid ne ya je har Maradi ya zaɓo dashen. Inna ta ce mangwaro take so, don ba ta da shekarun jiran tsamiya.

"Mi ya hana a gaya mini?" in ji Sadiƙu.

"Inna ta ce dashe kamar ciki ne, ba a ambatonshi sai ya hito hili, kar baki shi kama shi. Kowa ta roƙa shi yi shiru. Ni ta ce in hwaɗa maka baki da baki in ka dawo, haihuwa ta riga ka. Kai ba ta ce maka ka bar shi ba? Kai mi ya hana ka tambayi Hamid, kullum kuna gaisawa?"

Ya tsallake shingen aguwa, ruwanta fari na ɗiga masa a riga, ya faɗa cikin awaki. Sun gama. Abin da ya tarar ɗan tsinke ne da aka gwaguye ɓawonsa, wata akuya na tauna ganyen ƙarshe tana kallonsa. Garin neman gira ya rasa ido, kuma ba idonsa kaɗai ba.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba ko a hannun 'yan duwan, masu kwastan na kan iyaka. Sai kan ɗan kasuwa ya fara aiki. Yau kasuwa. Akwai mai kawo dashe a baƙar leda daga Maradi, yana zama kusa da masu tukwane. Mangwaro ai mangwaro ne. Ya tari kabu-kabu, ya isa, ya nuna wanda ya fi kama da wancan a tsawo, ya biya abin da aka faɗa. Mai dashen ya bi shi da kallo baki buɗe, don tun da yake bai taɓa jin Sadiƙu ya sayi abu bai taya ba.

Kafin la'asar yana durƙushe bayan lalle yana tono da hannu. Ya mayar da tulun. Ya ciro ƙyallen shuɗi ya ajiye a gefe. Iska ta fara kaɗa geza, gabas ta yi baƙi ƙirin, ƙamshin ƙasa jiƙaƙƙiya na zuwa daga nesa. In ya dasa ya daddanna ya yayyafa busasshiyar ƙasa a kai, ruwa ya sauka ya shafe sawu, wa zai sani? Ya kama ledar zai farke.

"Sadiƙu."

Ya waiga yana neman wadda ta kira shi, don muryar ya sani amma bai taɓa jin ta da wannan suna ba. Inna ce tsaye a bakin lalle. Hadarin ta gani ta kasa zama a gida, ta zo da sabon mayafi, irin wanda ake sawa ranar salla. Kuma shi take kallo, cikin ido, ba ƙwarya ba, ba guga ba.

"Ajiye," in ji ta.

Tun yana yaro yake son ya ji yadda sunansa zai fito daga bakin nan. Ya sha tsayawa bayan ɗaki yana jin ta tana kiran Laila, Laila, har da waƙa. Yau ya ji nasa, kuma da ya san a haka zai zo da ya yafe.

"Inna, ba wanda zai gane. Iri ɗaya ne. Ni na ɓata, ki bar ni in gyara."

Ta dubi ramin, ta dubi ƙyallen, ta dubi abin da ke cikin leda.

"Garkar ga ba takarda ba tambari ta tsaya, bisa maganar mutum biyu. Ubanka ya sare zogalen da ya hi so don kar shi ci amanar taƙi guda. Agali cewa ya yi wanda na dasa da hannuna, wanda ya ga rani. Wanga ya ga rani nan?"

"A'a."

"To ba ni dasa ƙarya cikinta. Ɗauke kayanka."

Ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki ƙyallenta ta ƙulle a bakin mayafi. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba, shi kuwa da zagin ta yi da ya fi masa sauƙi. Suna nan tsaye ɗigon farko ya faɗo. Ruwa aka yi na kirki, mai cika kwari, yara na ihu a unguwa, kowa na barka. Ramin da ke bayan lalle ya cika taf.

Da safe 'ya'yan Agali suka zo su uku da dattawan nan biyu. Hamid ne a gaba, ya riƙo ganyen shayi da sukari, bakinsa ya ƙi rufuwa. Zinariya ta shimfiɗa musu tabarma a gindin rumfa, aka gaisa, aka yi barka da ruwa. Ba ta bari sun tashi zuwa bayan lalle ba.

"Itacen bai ga ruwa ba," ta ce. "Jiya da hantsi ya mutu."

Hamid ya ajiye sukarin a hankali. "Inna, jiya da sahe na ba shi ruwa. Har sabon ganye…"

"Akuya ce?" in ji Mainassara, ya miƙe zaune. "Walle ba tawa ba ce. Tun kaka awakina na ɗaure, harawa nike saye, don kar a ce ni ne."

"Hannun gida ne," in ji Zinariya.

Sadiƙu ya ce, "Ni ne." Ya faɗi duka, har da abin da ya zata game da su, don dattawa sun tambaye shi dalili. Yana magana yana kallon tabarma. Da ya kai kan Hamid, wai shi aka turo, sai Hamid ya ja rawani ya rufe fuska har ido, ya kau da kai daga gare shi. Ga 'yan'uwansa dai Hamid ya juya ya roƙa a ƙara shekara guda, a sake dashe.

Mainassara ya girgiza kai. "Baba ya bar ma Allah zaɓi. Raina ya so wurin, ban ɓoye ba, amma ban taɓa ko ganye ba. Da ya rayu da na haƙura. Yanzu kuma ni ma a haƙura mini."

Ba wanda ya iya cewa bai yi gaskiya ba. Dattawa suka shafa fatiha. Aka ba Zinariya har kaka ta kwashe abin da za ta kwashe. Da aka yi rabo, na Hamid ya faɗa can saman tudu inda ba rijiya, ya ce ya ba ta halak malak, ta sa masa albarka ta ce ya riƙe wa 'ya'yansa, garka ba rijiya fili ne kawai.

A nan aka ga nisan tunanin Mijinyawa. Damina lokacin dashe ce, kuma babu abin da ke garkar da bai yarda a ɗauke shi ba, ban da anza da geza da aka tarar a wurin. Sadiƙu yana da wani fili da ya saya yamma da gari, kusa da famfo. Ya bar kasuwa, ya bar hanyar Jibiya, ya yini yana yankan reshen lalle da aguwa da inabi yana lodawa a amalanken jaki, yana warware yaɗiya daga ƙirare kamar mai tsefe kai. Bai bar kowa ya taya shi ba. Ranar lodin ƙarshe Zinariya ta tsaya a ƙofa ta girgiza sandar ƙirya har ta fita, ta ɗora a kan kayan.

A sabon wurin ta sa ya kafa sandar a bakin ƙofa. Ya kafa bai tambaya ba. Da ya ga ta zauna tana soka rassan lalle a layi, sai ya je ya ɗauko mangwaron nan na kasuwa, wanda ya yi ta ba ruwa a ledarsa a bayan ɗaki, ya kawo ya ajiye kusa da ita, ya koma nesa ya durƙusa.

"Inna, nan namu ne. Ba aro ba ne, ba ruwanmu da tsaga. Ko'ina kike so in gina miki rami."

Ba ta ɗago ba. Akwai wata akuya ɗaure a gefe, ita ta duba.

"A hwaɗa ma wancan," ta ce, "ni na riga na dasa nawa."

Ta ɗauki wani reshen lalle ta soka, ta danna ƙasar da babban yatsa, ta matsa gaba. Ba ta sake kama sunansa ba.